Kurakuran da ake yi wajen bibiyar cututtukan kolestarol na gado

Da an ambaci kolestarol, hankalinmu sai ya tafi kan kitse da hawan jini da Alhajin da likita ya hana cin ƙwai. Amma akwai cututtukan gado da ba ruwansu da yawan maiƙo a jini. A ciwon Smith-Lemli-Opitz, wanda likitoci uku suka fara bayyanawa a 1964, jikin yaro ne ke kasa ƙarasa haɗa kolestarol ɗin da yake buƙata. A ciwon Niemann-Pick nau'in C kuwa, kolestarol yana nan, sai dai ya maƙale cikin ƙwayoyin jiki, kamar hatsi a rumbun da aka liƙe bakinsa. Dukansu ba a cika samunsu ba, kuma ganin yini ɗaya ba ya nuna inda suka dosa. Shi ya sa cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da ke Bethesda ta shafe shekaru tana kiran masu ɗauke da su, suna komawa ana auna su ana rubutawa.

Kuskuren da ya fi cin lokaci shi ne yarda da gwajin jini na yau da kullum. Sakamako ya fito lafiya lau, sai a rufe maganar. A Smith-Lemli-Opitz, matakin ƙarshe na haɗin ne ya lalace saboda tawaya a ƙwayar gado DHCR7, don haka wani sinadari mai suna 7-DHC ke taruwa. Shi kuwa gwajin gama-gari yakan haɗa shi da kolestarol ya ƙirga su wuri guda. Jariri mai ƙaramin kai, wanda ba ya kama nono sosai, yatsan ƙafarsa na biyu da na uku a haɗe, a nemi a auna masa 7-DHC ɗin kansa. A Niemann-Pick C ma haka: gwajin ƙwayar gado NPC1, wadda aka gano a 1997 kuma ita ce sanadin ciwon a kusan kashi 95 cikin ɗari na masu shi, ya fi awon kitsen jini faɗin gaskiya.

Akwai kuma sakaci da ido, abin da ko minti ɗaya ba ya ci. Ma'aikacin lafiya ya kai yatsa dama ya kai hagu a hankali, yaro ya bi, a ce idonsa ƙalau. Ba nan cutar ke ɓuya ba. A ce masa ya kalli sama, ya kalli ƙasa, da sauri, kansa a tsaye. Mai Niemann-Pick C sai ka ga yana ƙifta ido ko ya sunkuyar da kai gaba ɗaya, domin ƙwayar idon ta ƙi sauka. A gida ma alamar na nan: ya hau bene ba wahala, saukowa ce ke gagararsa. Wasu yaran kuma in sun ƙyalƙyale da dariya sai jiki ya saki su zube, idonsu biyu. Irin wannan, kafin a kai ga likitan ƙwaƙwalwa, an riga an ce iska ce ko farfaɗiya.

Rashin rubutu shi ne ya fi ba ni takaici. A Niemann-Pick C, jariri ya yi doguwar shawara, saifarsa ta kumbura, daga baya abin ya lafa, kowa ya manta. Shekara bakwai ko goma, ya fara tuntuɓe, rubutunsa ya lalace, ba wanda ya haɗa wannan da wancan, katin asibitin kuwa ya daɗe da ɓata. Gyaran ba tsada: littafi guda, kwanan wata a kan kowane abu. “Ya ɗan ja baya” ba bayani ba ne. A rubuta yaushe ya fara ƙwarewa da ruwa, sau nawa a mako, yaushe ɓalla maɓallin riga ya gagare shi. A ɗauke shi bidiyo da waya duk bayan 'yan watanni yana abu iri ɗaya, a wuri ɗaya. Ma'aunin tsananin Niemann-Pick C da masu bincike suka taƙaita abu biyar yake dubawa: tafiya, haɗiya, magana, aikin yatsu da fahimta. Da irinsa aka gwada arimoclomol, maganin wannan ciwon, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Satumban 2024.

Kada a auna yaro da ɗan wani. Wanda alamun ƙwaƙwalwa suka kama tun yana goye, ciwon ya fi saurin tsananta a jikinsa. Wani sai ya balaga abin zai fito, har a ɗauka taɓin hankali ne. Su ma masu binciken da nasu ramin: iyalan da ke iya komawa duk shekara su ne waɗanda jikin ɗansu ya yarda da tafiya, in ba a nemo labarin waɗanda suka daina zuwa ba, cutar sai ta yi kama da mai sauƙi a takarda.

Batun abinci, hana mai Smith-Lemli-Opitz ƙwai juya magani ne. Likitoci ma ƙara masa kolestarol suke yi, wani lokacin da gwaiduwa. Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta karɓar na jini, nata take haɗawa, don haka kada a sa rai abinci zai gyara komai.

Laifi kuma yakan faɗa kan uwa, alhali gadon irin na sikila ne: sai uba ya bayar, uwa ta bayar, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa. Wasu sukan ce tunda an haifi ɗaya mai ciwon, uku na gaba sun tsira. Lissafin ɗaya cikin huɗu sabo yake komawa a kowane ciki, don haka ƙannen yaron su ma a kai su gwaji ko da ba su nuna komai ba.