Darasi na 14: Ɗan Waƙafin da Ke Rataye a Sama

Yaro ya dawo daga makaranta, malami ya ja masa jan biro a wuri uku. Ya rubuta *dont*, an ja. Ya rubuta *Musas bag*, an ja. Ya rubuta *there house*, nan ma an ja. Ya miƙo muku littafin, kun duba kun ga haruffa duk suna nan lafiya lau. To, ina laifin?

Mu fara da abin da muka sani. A Hausa muna da ɗan waƙafin nan na sama: sa'a, ma'ana, jama'a. A wurinmu harafi ne, ana furta shi. Ku ce "sa'a" a hankali, za ku ji maƙogwaro ya ɗan datse a tsakiya. A Turanci kuwa ba a furta shi ko kaɗan, ido kawai yake yi wa aiki. Shi ya sa yara ke manta shi, don kunne ba ya tuna musu. Su kansu Turawan Ingila aro shi suka yi daga Faransawa a ƙarni na 16.

Aikinsa na farko shi ne riƙe gurbin harafin da aka cire. Mu ma muna gutsure magana: "za ya zo" ta koma "zai zo", "za ni tafi" ta koma "zan tafi", ba mu sa wata alama ba. Shi Bature in ya cire harafi sai ya ajiye waƙafi a wurin, kamar yadda mace ke ajiye bokiti a layin famfo ya riƙe mata wuri. A *do not*, harafin *o* na *not* ne ya fita, sai ta zama *don't*. Ku lura da kyau, waƙafin yana zama inda aka cire, ba inda aka haɗa ba. Yaron da ya rubuta *do'nt* ya gane rabin zancen, saura ku nuna masa wane harafi ne ya ɓace. Haka *I am* ke zama *I'm*, *she is* ta zama *she's*, a *we will* kuma haruffa biyu ne suka tafi, ta zama *we'll*. Akwai guda mai taurin kai: *will not* ba ta zama *willn't*, sai *won't*. Wannan haddace ta kawai ake yi.

Aiki na biyu mallaka ne. Mu muna cewa littafin Musa, rigar Binta. Ɗan *n* da ɗan *r* ɗin nan su ke ɗaure abu da mai shi. Bature sai ya juya, ya sa mai abu a gaba, ya manna masa waƙafi da *s*: *Musa's book*, *Binta's dress*. In masu abin suna da yawa, kuma kalmar ta riga ta ƙare da *s*, waƙafin a baya yake zama. *The boy's ball* ƙwallon yaro ɗaya ce, *the boys' ball* ta yara da yawa ce. Kunne ba zai ji bambanci ba. Ita *children* da ma jam'i ce ba tare da *s* ba, don haka *children's* ake rubutawa.

Jam'i zalla ba ruwansa da waƙafi. A allunan shaguna za ku ga an rubuta *shoe's for sale* da fenti mai kyau. Kada yaro ya koya daga nan. Takalma ne kawai masu yawa, ba su mallaki komai ba, *shoes* ce.

Inda manya ma suke tuntuɓe shi ne *its* da *it's*. Hankali yana cewa tunda mallaka da waƙafi take, to *it's* ce ta mallaka. Ba haka ba ne. *It's* gutsurarriyar *it is* ce ko *it has*. Ta mallaka kuwa *its* ce, tsirara, kamar 'yan'uwanta *his* da *hers*. Dabara ɗaya ke raba gardama: a warware kalmar a karanta. *It's hot*, wato *it is hot*, magana ta zauna. *The goat ate it's food*, wato *ate it is food*, shirme ke nan, sai a cire waƙafin. Da wannan dabara ake raba *you're* da *your*, da kuma *who's* da *whose*.

Saura jan biro na uku. A Hausa muna da kalmomin da rubutunsu ɗaya amma furuci ya bambanta: gari na mutane da garin tuwo, kukan jariri da kuka ta miya. Turanci yana da akasin haka, furuci ɗaya, rubutu daban. *There* can ce, *their* nasu ce, *they're* kuma *they are* ce aka gutsure. Ku nuna wa yaro *here* tana kwance cikin *there*, duka biyun wuri suke nunawa. Haka *two* da *too* da *to*, *sun* da *son*, *meat* da *meet*, *week* da *weak*. Kada ku yi wa yaro shifta da irin waɗannan kalma ɗaya-ɗaya, don ba yadda zai san wadda kuke nufi. Ku sa ta cikin jimla: *my son is in the sun*.

Aikin gida

Ku kwafi waɗannan a littafinku, ku gyara kuskuren da ke cikin kowace, sannan ku ba yaron ya gwada ba tare da ya ga amsarku ba:

1. *I cant find Aminas pen.*
2. *The cat is licking it's leg.*
3. *Their going too the market.*
4. *Mango's are cheap this weak.*

Ta farko da ta uku da ta huɗu, kurakurai biyu-biyu ne a cikinsu. Ku zo da littattafan biyu, naku da na yaron, mako mai zuwa.