Darasi na 9: Minshari, yankewar numfashi da bugun zuciya

A Tawa, idan zafi ya tsananta, a tsakar gida ake kwana, kowa na jin minsharin kowa. Akan ce mai minshari barci ne ya yi masa daɗi. Ba kullum ba. Ku kasa kunne: minshari ya yi ƙarfi, sai ya yanke tsit, can kuma mutum ya zabura yana zuƙar iska. Wannan ciwo ne. Naman maƙogwaro ne ke saki cikin barci ya toshe hanyar iska. Likitoci suna ƙirga duk tsayawar da ta kai sakan 10. Sau 5 zuwa 14 cikin awa ɗaya, ciwon bai yi nisa ba. Sau 30 ko fiye, ya yi tsanani.

Me ya haɗa wannan da zuciya?

Zuciya ba ta jiran umarninmu. Jijiyoyi iri biyu ke sarrafa ta, kamar doki tsakanin ƙaimi da linzami. Na farko suna sa ta gudu idan an firgita ko ana aikin ƙarfi. Na biyu suna lafar da ita idan an huta. Ga mai lafiya, dare lokacin linzami ne: bugun zuciya yana raguwa, matsin jini yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari.

Da numfashi ya tsaya, iskar oksijin tana raguwa cikin jini. Wasu ƴan ƙwayoyi da ke jikin manyan hanyoyin jini na wuya su ne ke fara ganewa, su sanar da ƙwaƙwalwa. Nan take jiki ya saki sinadarin firgita, adiranalin. Hanyoyin jini su tsuke. Zuciyar da ta yi sanyi lokacin da iska ta yanke sai ta kwasa da gudu, jini ya hau. Mai barcin bai san an yi ba, da safe ma zai rantse bai farka ba. Barcin awa 7, yankewa 30 a kowace awa: firgita 210 ke nan a dare ɗaya.

Kuma abin ba ya wucewa da wayewar gari. Shekara da shekaru a haka, jijiyoyin ƙaimi suna sabawa da aiki ba hutu har da rana, na linzami kuma su yi rauni. Sai ɗan ɓacin rai a kasuwa ya sa zuciya dukan uku-uku, ta daɗe ba ta lafa ba. Daga nan ake samun hawan jinin da ba ya jin magani, da bugun zuciya marar tsari, da shanyewar ɓarin jiki.

Sauran alamu su ne ciwon kai da safe, bushewar baki, yawan tashi fitsari da dare, da gyangyaɗi da rana. Direban da ke jan mota daga Tawa zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500, kada ya raina wannan gyangyaɗin.

Me za a yi?

Kwanciya a gefe ta fi rigingine. Rage ƙiba yana taimakawa sosai, musamman ga mai kaurin wuya. A bar giya da taba, kuma kada a sayi ƙwayar barci a tebur, domin tana ƙara sakin maƙogwaro. Idan ciwon ya yi tsanani, akwai na'urar CPAP mai hura iska ta hanci duk dare, wadda wani likita a Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981.

Babbar shaida dai tana hannun wanda ke kwana kusa. Uwargida, ba tonon asiri ba ne ki ce: “Malam, numfashinka yana yankewa da dare, mu je a auna ka.” A asibiti a gaya wa likita maganar minsharin, ko da bai tambaya ba.

Aikin gida

Bayan sallar asuba, ku zauna ku huta minti 5. Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ta wajen babban yatsa, ku ƙirga bugun minti ɗaya. Na babban mutum yakan kasance tsakanin 60 da 100. Ku rubuta adadin a littafinku har kwana 7, ku zo da shi aji.