Kafin ka biya kuɗin jami'ar Katolika, ga yadda ake duba ko an tantance kwas ɗin

Da zarar sakamakon JAMB ya fito sai ka ga iyaye sun shiga zarya, wanda yajin aikin malaman jami'a ya ishe shi ya koma neman jami'a mai zaman kanta, kuma cikin waɗanda ake yawan tambaya a kai akwai na cocin Katolika, musamman Veritas da ke Bwari a Abuja tunda ita ce kusa da mu. Dalilin a fili yake, makarantun mishan sun yi suna wajen tarbiyya da karatu tun zamanin iyayenmu, St. John's ta Kaduna da ta koma Kwalejin Rimi da Queen of Apostles da ta koma Kwalejin Sarauniya Amina duk na Katolika ne asali, kuma Musulmi da Kirista sun sha karatu a cikinsu. Toh amma wannan sunan ba shi zai kai yaronka bautar ƙasa ba. Abin da zai kai shi shi ne amincewar hukuma, ita kuma amincewar nan kwas-kwas ake bayar da ita, jami'a ɗaya za ka samu kwas ɗin lissafin kuɗi ya samu cikakkiyar amincewa, na injiniya a ginin da ke gefensa kuma yana tangal-tangal. Don haka tambayar "makarantar nan tana da kyau?" ba ta isa ba sam, kwas ɗin da yaron zai karanta shi za ka bi diddigi.

Ka fara da sanin wace irin makaranta ce, sabida kowace da mai kula da ita. In jami'a ce, hukumar NUC da ke Maitama a Abuja ce ke da iko. In kwalejin fasaha ce mai ba da difloma, NBTE ce, hedikwatarta na Kaduna. Kwalejin horar da malamai mai ba da NCE kuma NCCE. Coci na da makarantun koyon jinya da ungozoma a jikin asibitocinta, kamar ta asibitin St. Gerard da ke Kakuri, irin waɗannan sai ka nemi sunansu a wajen majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa. Mutane da yawa suna ɓata lokaci suna neman sunan kwaleji a jerin NUC su rasa, hankalinsu ya tashi, alhali ba can ya kamata su duba ba.

In jami'a ce, shiga shafin NUC a intanet ka buɗe jerin jami'o'i masu zaman kansu, za ka ga suna da shekarar da aka ba ta lasisi. Veritas 2007 ne, kuma majalisar bishop-bishop na Katolika ta Najeriya ce ta kafa ta. Madonna da ke Okija tana cikin ukun farko da aka ba lasisi a 1999, Godfrey Okoye ta Enugu 2009, Augustine da ke Ilara-Epe a Legas 2015. Wannan matakin minti biyu ne, kuma NUC takan fitar da jerin jami'o'in bogi lokaci-lokaci, shi ma ka leƙa, musamman in wani ya zo maka da "reshen" wata jami'a a saman bene cikin kasuwa.

Inda aikin yake shi ne kan kwas. Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa kuma masu tallan makaranta suna jin daɗin cakuɗa su. Na farko izinin fara kwas, kafin jami'a ta buɗe sabon kwas sai NUC ta turo mutane sun duba ko akwai malamai da azuzuwa da kayan aiki, in sun gamsu a ce a fara ɗaukar ɗalibai. Na biyu shi ne tantancewar kanta, wadda ake zuwa yi bayan kwas ya yi ƙwari, wato ɗaliban farko sun kai wajen aji uku. Kaga kenan in aka ce maka "NUC ta amince" dole ka sake tambaya, wace amincewar, ta farawa ko ta tantancewa? Sabon kwas mai izini ba laifi ba ne, halal ɗinsa ne ya ɗauki ɗalibai, amma ka san cewa yaronka na cikin waɗanda za a yi gwajin a kansu, kuma ni dai in akwai zaɓi na fi son kwas ɗin da ya riga ya yaye ɗalibai ya tsallake tantancewa ko da sau ɗaya.

Bari in ɗan yi bayanin yadda ake yin ta don ka fahimci sakamakon in ka gani. Jami'a ce ke fara cike fom na auna kai, ta faɗi malamanta nawa, digirinsu, littattafai, ɗakunan gwaji, kuɗin da take kashewa. Sai NUC ta haɗa tawagar farfesoshi daga wasu jami'o'in daban su zo su yi kwanaki suna gwada abin da aka rubuta da abin da ke ƙasa, su buɗe fayil ɗin malamai, su ɗauko tsofaffin takardun jarrabawa da yadda aka yi makin, su karanta rahoton mai duba jarrabawa na waje, su zauna a aji su ji lakca, su shiga laburare su ga ko littattafan na bana ne ko na shekara ashirin baya. Akwai ma'auni na yawan ɗalibai ga kowane malami, a fannin shari'a da ilimin zamantakewa malami 1 ga ɗalibi 30, kimiyya 1 ga 20, injiniya 1 ga 15, likitanci 1 ga 10. Manhajar da ake auna su da ita yanzu CCMAS ce da aka ƙaddamar a Disamban 2022, kashi 70 daga NUC, kashi 30 jami'a ta tsara da kanta, kuma cikin wannan 30 ɗin ne kowace jami'a ke zuba abin da ta ga ya dace da ita.

Sakamako iri uku ne kuma da Turanci za ka gan su a jerin. Full shi ne cikakkiyar amincewa, sai kwas ya ci kashi 70 gaba ɗaya kuma ya ci 70 a kowane ɗaya daga manyan ɓangarori huɗu, harkar karatu, malamai, gine-gine da kayan aiki, da laburare, ita wannan shekara 5 take yi. Interim ta wucin gadi ce, shekara 2, an ce ku gyara mu dawo. Denied kuma an hana, kwas ɗin ba shi da ikon ɗaukar sababbin ɗalibai har sai an sake zuwa ya tsallake. Abin da mutane ke mantawa shi ne duba shekara. Cikakkiyar amincewar da aka samu shekara bakwai baya ta riga ta ƙare, ko da har yanzu tana manne a jikin bango cikin firam. In ka je ofishin rajistara ko na tsare-tsaren karatu, ka ce a nuna maka wasiƙar NUC ta ƙarshe kan wannan kwas ɗin, ka duba kwanan wata da idonka. Makarantar da ke da gaskiya ba ta jin haushin wannan tambayar, wasu ma da murna za su ɗauko.

Sai kwasa-kwasan da ke da uban gida biyu, nan ne aka fi kuka. Shari'a, bayan NUC akwai majalisar ilimin shari'a mai kula da makarantar horar da lauyoyi, wadda hedikwatarta ma a Bwari take. Likitanci akwai majalisar likitoci MDCN, injiniya majalisar injiniyoyi COREN, haɗa magunguna majalisarsu PCN, jinya majalisarsu da na ambata. Wasu daga cikinsu bayan amincewa har adadi suke yankewa, su ce wannan jami'ar ɗalibi kaza za ta ɗauka a shekara. In jami'a ta yi haɗama ta ɗebi ninkin abin da aka ba ta, yara za su gama digiri lafiya lau sannan su zauna a gida suna jiran layi kafin a tura su makarantar lauyoyi, ko a kasa yi musu rajista da majalisar jinya. Toh tambaya biyu za ka yi, nawa ne adadin da aka ba ku, kuma ɗalibi nawa ne a aji ɗaya yanzu haka? In amsar farko ta zo da sauri ta biyu kuma aka fara kame-kame, ka gane.

JAMB kuma kar ka yarda a ce maka "ku biya kawai daga baya za mu daidaita". Adimishan ɗin da bai bi ta CAPS ba, wato tsarin JAMB na ba da adimishan ta intanet, matsala ce da ke jiran yaro a ƙarshe, domin sai sunansa na cikin jerin JAMB kafin a tura shi bautar ƙasa. Yaron ya shiga shafinsa da kansa ya ga sunan jami'ar da sunan kwas ɗin daidai, ya karɓa, ya buga takardar. Ka lura da sunan kwas ɗin sosai, an sha ba yaro wani kwas a CAPS a zaunar da shi a ajin wani.

Duk wannan takarda ce, gani kuma ya kori ji. Duk wanda ya yi aiki a jami'a a ƙasar nan, ta gwamnati ko ta kuɗi, ya san abin da wasu ke yi in tawaga za ta zo, a shafa fenti, a aro na'urori a jera a ɗakin gwaji, a kawo malaman haya a liƙa sunansu a ƙofar ofis na kwana uku. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Shi ya sa za ka je ranar da ba kowa ke jiran ka ba, Talata ko Laraba a tsakiyar zango. Ka leƙa ɗakin gwaji, in ka ga na'ura har yanzu da ledarta, wayar wutarta a naɗe kamar yadda ta fito daga kwali, ba wanda ya taɓa kunna ta. Ka duba allon sanarwa na sashen, jadawalin lakca na nan? Sunan malami ɗaya ne ke maimaituwa a darasi shida? Ka samu ɗan aji uku ko huɗu a wajen cin abinci ka tambaye shi, farfesan da ke cikin ƙasidar makaranta ya taɓa koyar da ku kuwa, sakamakon zangon da ya wuce ya fito, waɗanda suka gama bara sun tafi bautar ƙasa? Ɗalibai ba sa ɓoye irin wannan.

Ɓangaren coci kuma layinsa daban. A dokar cocin Katolika, sashe na 808, ba jami'ar da za ta kira kanta ta Katolika sai da yardar hukumar coci, kuma akwai takardar Ex Corde Ecclesiae da Fafaroma John Paul na biyu ya fitar a 1990 da ta shimfiɗa yadda irin waɗannan jami'o'in za su kasance. In kana shakkar wata makaranta da ta maƙala sunan waliyyi a allonta, ofishin bishop na yankin zai gaya maka ko tasu ce. Amma yardar bishop ba ta maye gurbin NUC, haka NUC ba ruwanta da ko makaranta Katolika ce ta gaske. Masu karatun zama fada, wato limamin coci, su ne abin ya fi shafa, makarantar horar da limaman coci kamar St. Augustine ta Jos tana da alaƙa da jami'ar Urbaniana ta Rum da kuma jami'ar Jos, su digirorin coci suna ƙarƙashin dokar Veritatis Gaudium ta Fafaroma Francis, kuma fadar Vatican na da hukumar duba inganci mai suna AVEPRO da aka kafa a 2007. Wanda zai shiga irin wannan makarantar ya tambaya tun farko sunan wace jami'a ce zai fito a kan satifiket ɗinsa, don in wata rana ya nemi aikin koyarwa ko digiri na biyu a Najeriya, wannan sunan za a duba.

Iyaye Musulmi, da Kiristan da ba Katolika ba, ku karɓi littafin dokokin ɗalibai ku karanta kafin biyan kuɗi, batun sutura, wajen ibada, fita daga makaranta, riƙe waya, kowace jami'a da nata tsarin, ku tambaya kai tsaye a ba ku amsa a rubuce, ya fi a zo ana jayayya bayan yarinya ta yi zango guda.

Bayan yaro ya shiga ma kar a naɗe hannu. Ka rubuta shekarar da amincewar kwas ɗin za ta ƙare, in lokacin ya zo ka tambayi shugaban sashen ko tawaga ta zo da abin da aka samu. In ka ji an koma wucin gadi, ba abin tayar da hankali ba ne tukuna, amma ku haɗu da sauran iyaye ku nemi jin abin da aka ce a gyara da inda aka kwana. In kuwa hanawa aka yi, ka nemi rajistara ya ba ka matsayin ɗaliban da ke ciki a rubuce, ka kai kwafin NUC ka tabbatar, sannan kar ka bari ƙaninsa ko ɗan maƙwabci ya karɓi adimishan a wannan kwas ɗin sai sabon sakamako ya fito. Risit, takardar adimishan ta JAMB da hoton wasiƙar amincewar da aka nuna maka, duk ka haɗa su a fayil ɗaya ka ajiye har yaron ya karɓi takardar kiran bautar ƙasa.