Shuka barkono a ɗaki da fitila: inda masu farawa ke yin tuntuɓe

Duk wanda ya taɓa zaman ɗakin haya a Agege ko Idi-Araba a Legas ya san halin da ake ciki. Tsakar gida ba ta wuce wurin shanya ba, taga kuwa bangon maƙwabci take kallo. Shi ya sa in attaruhu ya yi tsada a kasuwar Mile 12, sai wani ya samo bokitin fenti ya shuka nasa a ɗaki, ya kunna masa fitila. Abin yana yiwuwa, amma ni sai da bokiti uku suka mutu a hannuna kafin na tsinki ƙwaya ta farko.

Babbar matsalar fitila ce. Kwan da ke haska mana ɗaki ya ishi ido, amma a wajen barkono kusan duhu ne, don shi ɗan rana ne. Za ka ga tsiron ya miƙe siriri kamar tsinken tsintsiya, ganye ƙanana kore-kore mai fari, sai ya karkace ya kwanta. Mai shi yana murna wai yana girma, alhali yunwar haske ce ke jan sa sama. Samo fitilar LED wadda aka yi don shuka, ka rataye ta kamar santimita 30 zuwa 45 daga saman ganye, kana ɗaga ta yayin da yake tashi. Sa bayan hannunka daidai ganyen na ɗan lokaci. In ka ji zafi, ta yi kusa.

Awa 14 zuwa 16 na haske sun isa a yini, sauran a bar shi cikin duhu. A nan ne Legas ke shigo da nata rigimar, don wuta tana zuwa ne sa'ad da ta ga dama. Na taɓa sayen ɗan agogon nan mai juyawa da ke kunna fitila da kansa, ban san cewa in an ɗauke wuta shi ma tsayawa yake ba. Cikin mako guda ya koma kunna min fitila ƙarfe biyun dare. Nemi mai batiri a ciki, ko ka haɗa fitilar da inbata in kana da ita. Ka kuma yi lissafi tun da wuri: fitila mai wat 100, awa 14 kullum, yunit 42 ke nan a wata a mitarka.

Sai ruwa. Mu da muka taso a arewa hannunmu ya saba da ban ruwa safe da yamma, saboda can rana da iska suna shanye shi nan da nan. Iskar Legas cike take da laima, ɗaki kuma ba rana, ƙasa sai ta yi kwanaki a jiƙe. Abin takaicin shi ne, barkonon da ruwa ya yi wa yawa yana yaushi tamkar mai ƙishi, sai a ƙara masa, saiwa ta ruɓe. Tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in da danshi ka ƙyale shi. Huda gindin bokitin wuri biyar ko shida. Kada ka ɗebo laka daga bakin kwata; haɗa ƙasa mai laushi da yashi da takin da ya gama ruɓewa.

Wani maƙwabcina tela ya tare ni wata rana yana cewa, "Malam, nawa fa fure kawai yake yi yana zubarwa." Ɗakinsa rufin kwano ne, taga a rufe, a tsakiyar zafin Maris. Barkono yakan zubar da fure in zafi ya haura digiri 32 ya daɗe a haka. Ga shi a ɗaki babu ƙudan zuma, babu iskar da za ta kaɗa furen ƙurarsa ta zuba. Ƙaramar fanka tana rage matsalolin biyu, sannan kowace safiya ka ɗan ƙwanƙwasa reshen da yatsa. Da na ƙara bincikarsa, ashe yuriya yake zuba masa duk mako. Ita ganye take ƙarawa, ba 'ya'ya ba. Da zarar fure ya fara, a janye ta.

Iri kuma a cire shi daga wanda ya nuna jawur, a shanya a inuwa. Attaruhu yana da nawa, yakan kai mako biyu zuwa uku bai leƙo ba, don haka kada ka zubar da ƙasar a kwana na goma kamar yadda na yi.

Sau ɗaya a mako ka juya ganye ka duba ƙarƙashinsa. In ka ga fararen ƙwari ƙanana suna tashi, ko wani siririn saƙa kamar na gizo, jiƙa ganyen darbejiya ya kwana, ka tace, ka ɗiga sabulu kaɗan, ka fesa bayan ka kashe fitila.