Yadda Ake Yanke Shawarar Sake Neman Gurbin Karatun Likita Haɗe Da Digirin Bincike A Amurka

A jami'o'in Amurka akwai shirin da ake kira MD-PhD, wanda ɗalibi ke haɗa karatun likita da digirin digirgir na bincike a tafiya ɗaya. Yakan ɗauki shekara 7 zuwa 8: shekara biyu a aji, wajen shekara huɗu a ɗakin gwaje-gwaje, sannan shekara biyu a asibiti tare da marasa lafiya. Da yake galibin shirye-shiryen suna ɗauke wa ɗalibi kuɗin makaranta, kuma suna ba shi alawus, gasar shiga tana da zafi, kuma waɗanda ake mayarwa a kowace shekara sun fi waɗanda ake ɗauka yawa. Wanda bai samu gurbi ba yana iya sake nema, amma ya kamata ya bi wasu matakai kafin ya sake zuba kuɗi da shekara guda ta rayuwarsa.

Mataki na farko shi ne ka gano inda takardarka ta tsaya. Idan babu makarantar da ta gayyace ka ganawa, matsalar tana cikin abin da ka aika: makin MCAT, wato jarrabawar shiga makarantar likita, sakamakon digirinka na farko, ƙarancin aikin bincike, ko kuma jerin makarantun da ka zaɓa sun fi ƙarfinka. Idan kuwa an gayyace ka wurare uku ko huɗu amma babu inda aka ɗauke ka, to takardun sun yi aikinsu, bakinka ne bai kai ka ba. Wasu daraktocin shirin sukan amsa wasiƙar ɗalibin da ya tambaya cikin ladabi, don haka ka rubuta musu bayan an rufe zangon ɗauka, ko da kaɗan ne za su kula ka.

Mataki na biyu, wanda ya fi shafar ɗaliban da suka zo daga Najeriya, Nijar ko Gana, shi ne ka tabbatar tun farko cewa ka cancanci nema. Kuɗin da NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ke bayarwa ta shirinta na horar da likitoci masana kimiyya, wanda aka fara a 1964, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Makarantun da ke ɗaukar baƙi daga aljihunsu suke biya, guraben kuma ba su da yawa. Wanda ya aika takardu ga makarantun da ba sa karɓar baƙo bai faɗi gasa ba, bai ma shige ta ba, kuma gyaransa shi ne sake jerin makarantu.

Mataki na uku shi ne mafi nauyi, kuma a nan ne nake ganin mutane suka fi yaudarar kansu. Ka zauna ka rubuta abin da ya canza tun daga ranar da ka aika takardun bara. Tsarin AMCAS, wanda ake aika takardun neman makarantun likita ta cikinsa, yana nuna wa makarantar da ka taɓa nema cewa kai mai dawowa ne, saboda haka tambayar da ke ran mai karanta takardarka ita ce abin da ka ƙara. Canjin da ake gani shi ne shekara ɗaya ko biyu ta cikakken aiki a ɗakin bincike, kamar shirin da NIH ke yi wa waɗanda suka gama digirin farko a Bethesda ta jihar Maryland, ko muƙalar da sunanka ke kai, ko sabuwar wasiƙar shaida daga malamin da ya ga yadda kake aiki da hannunka. Ban da bayanin kai da kowane mai neman likita yake rubutawa, mai neman wannan shiri yana rubuta bayani biyu, ɗaya kan dalilin son haɗa digirin biyu, ɗaya kan binciken da ya yi. Ɗalibin da ya rubuta cewa ya yi wata goma sha takwas yana shirya samfura, amma ya kasa faɗin tambayar da gwajin ke son amsawa, da abin da ya yi ranar da sakamako ya saɓa wa tsammaninsa, ya nuna cewa ɗan aike ne a ɗakin, ba mai bincike ba. Idan jerin abin da ka rubuta bai wuce gyaran jimloli ba, jira shekara guda ya fi sake nema nan take.

Game da MCAT, wadda makinta ke tsakanin 472 da 528, ka duba ranar da ka zauna mata, domin makarantu da yawa ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu ko uku. Kada ka sake zama sai gwajin da kake yi a gida ya nuna maka ci gaba, tun da makarantu suna ganin duk makin da ka taɓa samu.

Daga nan ka tambayi kanka ko digirin biyu kake buƙata da gaske. Wanda zuciyarsa ke wajen marasa lafiya yana iya neman likita zalla ya yi bincike daga baya, wasu makarantun ma suna barin ɗalibin likita ya koma shirin haɗin bayan shekarar farko ko ta biyu. Wanda ɗakin gwaji ya fi masa daɗi kuwa, digirin bincike kaɗai ya ishe shi. Idan alawus da yafe kuɗin makaranta ne suka fi jan hankalinka, masu ganawa sukan gane hakan cikin mintuna kaɗan.

Idan ka yanke shawarar komawa, ka lissafa lokaci da kyau. AMCAS yana buɗewa a watan Mayu, ana fara aikawa a ƙarshen watan ko farkon Yuni, kuma makarantu da yawa suna duba takardu bisa yadda suka iso. Ka nemi sababbin wasiƙun shaida tun watan Maris, ka sake rubuta bayananka daga tushe, ka kuma ƙara makarantun da ba ka nema bara ba, musamman waɗanda ke da malamai aƙalla uku masu aiki a fannin da kake so.