Idan Likita Ya Ce Sai An Sa Yaro Barci Kafin A Cire Masa Haƙori: Shawara Ga Sababbin Zuwa Ingila

Iyaye da yawa da suka sauka Ingila sukan kai ɗansu wurin likitan haƙori saboda ciwon da ya hana shi barci, sai su dawo gida da takardar da ke cewa za a tura shi asibiti, a sa shi barci da magani, a cire haƙoran da suka ruɓe. Hankali yakan tashi, domin a gida ba mu saba jin an sa ɗan shekara huɗu barci saboda haƙorin da zai yi famfararsa ba. A nan kuwa abin ba baƙo ba ne, ruɓewar haƙori ce kan gaba wajen kwantar da yara 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibitocin ƙasar. Ƙaramin yaro ba zai iya buɗe baki ya natsu a yi masa allura a dasashi, a cire haƙori uku ko huɗu yana kallo ba, haƙorin da ya yi mugunya kuma barinsa ba alheri ba ne.

Tun ƙarshen shekarar 2001 aka daina sa mutum cikakken barci a ɗakin likitan haƙori na unguwa. Sai a asibiti ake yi, a hannun likitan da sa barci ne aikinsa, kuma yana tsaye a kan yaron tun daga farko har ya farfaɗo. Hukumar lafiya ta NHS ba ta karɓar kuɗin haƙori daga yaron da bai kai shekara 18 ba, sai dai layin jira yakan ɗauki watanni. Saboda haka kada a yi wasa da ranar da aka bayar. Idan uzuri ya taso a buga waya a sanar, domin yawan rashin kai yaro ba tare da bayani ba yana iya sa ma'aikata su ɗauka ana sakaci da lafiyarsa.

Kafin ranar aikin akwai zaman tantancewa, kuma a ganina shi ne zaman da ya fi cancantar iyaye su ba shi hankalinsu. A tambayi likita ƙarara haƙori nawa za a cire, domin sukan cire duk wanda ya ruɓe a lokaci guda don kada a sake sa yaron barci, kuma uwar da ta zo da tunanin haƙori biyu takan kaɗu idan ta tarar an cire shida. A tambaya kuma ko yaron ya kai girman da za a iya yi masa da iskar da ake shaƙa mai kwantar da hankali haɗe da allurar kashe zafi. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi tafinta tun da wuri, kyauta ne, kada a ɗora wa yayan yaron wannan nauyi. Takardar amincewa kuwa uwa ce ko uba mai haƙƙin reno a doka ke sa mata hannu. Kawu ko gwaggo ko kaka, duk da girmansu a wurinmu, asibiti ba zai karɓi sa hannunsu ba sai da izinin kotu.

Maganar sikila ta shafe mu kai tsaye. Jariran da aka haifa a Ingila ana gwada su a kwana na biyar da ɗigon jini daga dunduniya, amma yaron da aka haifa a Kano ko Maraɗi mai yiwuwa ba a taɓa gwada shi ba, don haka za a iya neman jininsa kafin aikin. Kada a ɓoye komai saboda kunya ko gudun a ɗage ranar: ciwon asma, farfaɗiya, minshari mai ƙarfi, wani ɗan uwa da ya taɓa shan wahala da maganin barci, har da jiƙo ko garin magani da aka aiko daga gida. Idan mura, tari ko zazzaɓi ya kama yaron ana gab da ranar, a kira asibiti kafin a fito.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen hana yaro ci. Yawanci akan ce kada ya ci komai har da madara awa 6 kafin aikin, nonon uwa awa 4, ruwa zalla kuma yawancin asibitoci sukan bari har saura awa ɗaya, amma abin da takardar asibitinku ta faɗa shi za a bi. Dalilin shi ne mai barcin magani ba ya iya tari ya kare maƙogwaronsa, idan abinci ya taso daga ciki yana iya gangarawa huhu. Yaro zai yi ta kukan yunwa da asuba, kaka kuma tausayi zai sa ta miƙa masa cokali biyu na kunu ko ƙwayar dabino, tana ganin wannan ai ba abinci ba ne. A zaunar da kowa a gida tun daren a yi masa bayani. A yi wa yaro addu'a da tofi yadda aka saba, amma rubutun sha ya jira sai an dawo. Idan kuma an yi kuskure ya ci wani abu, a faɗa wa ma'aikaciyar jinya gaskiya, ɗage aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

A ranar, akan shafa wa yaro man kashe zafi a bayan hannu kafin a sa masa allura, ko a ba shi abin shaƙa a hanci da baki. Ɗaya daga cikin iyaye yakan shiga da shi har barci ya ɗauke shi. Cikin minti ɗaya ko biyu jikinsa zai saki, idanunsa su juya, wataƙila ya ɗan yi mutsu-mutsu. Ganin haka yana karya zuciya, amma haka maganin yake aiki.

Idan ya farka yakan yi kuka, ya rikice, yawunsa ya fito da jini-jini, wani lokaci ya yi amai. Galibi a ranar ake sallama, kuma gara a koma gida a mota ko tasi da babba a gefensa maimakon bas. A ba shi abinci mai laushi da ba shi da zafi, kada ya kurkure baki sai washegari, a kula kada ya ciji leɓensa da ya mutu saboda maganin kashe zafi. Farasitamol na yara yakan wadatar bisa awon da aka rubuta, asfirin kuwa ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16. Idan jini ya dawo, a naɗe tsumma mai tsabta ya cije na kamar minti 15. In bai tsaya ba a kira lambar da ke kan takardar sallama ko 111, layin neman shawarar lafiya na NHS, in kuma numfashinsa ya canza ko ya ƙi farkawa sosai, a kira lambar gaggawa 999 nan take.