Kafin ku sayi injin yanke ciyawa

'Yan'uwa, in farfajiyarku babba ce, na fetur ya fi, tunda wutar Zariya ba ta da tabbas. Ku nemi wanda mazubin baƙin mansa daban da tankin fetur, kuma ku fara tambayar filoginsa da wuƙarsa a Sabon Gari. In babu su, ku haƙura da shi.

Ku canza baƙin mai bayan awa 5 na farko, sannan duk awa 50. Damina na wucewa a Oktoba, ku tsiyaye fetur ɗin, domin tsohon fetur ke toshe kafireto. Tsakuwa fa, a tsince ta tukuna, tana lanƙwasa sandar da wuƙa ke kai.

Na lantarki sai ƙaramin fili, kuma kada ya taɓa jiƙaƙƙiyar ciyawa.